Zumuncin da Aka Ƙulla a Cikin Ruwa

In ka zauna hira da tsohon sojan ruwa, da wuya ya fara maka da labarin yaƙi ko na igiyar da ya ɗaura a kafaɗa. Makarantar kurata yake komawa. Mu da muka tashi a Arewa, inda babban ruwan da muka sani bai wuce kogin da ke ƙafewa da rani ba, watannin horon nan a yankin Fatakwal sun sauya mu fiye da duk shekarun da suka biyo baya. 'Yan baya Onne ake kai su yanzu, a Jihar Ribas, kuma labarin da suke kawowa ya yi kama da namu: aski ƙwal ranar farko, tashi kafin asuba, gudu, fareti, goge takalmi har ya ɗauki ido.

Fareti bai ba mu tsoro ba. Ruwa ne ya ba mu. Ranar da aka ce kowa ya faɗa, yaran bakin teku suna ta dariya, mu kuwa gwiwa ta yi sanyi. Maƙwabcin gadona, ɗan ƙabilar Ijaw da ya girma a cikin kwalekwale, shi ya ɗauki nauyina. In an tashi da yamma, gajiya ta ci kowa, sai ya ja ni bakin ruwa, ya sa tafin hannunsa a ƙarƙashin cikina, ya ce in saki jiki in fitar da numfashi a cikin ruwan. A haka na iya ninkaya. Da azumi ya zo, shi Kirista ne, amma shi yake karɓar mini abincin rana ya rufe da faranti ya ɓoye har a sha ruwa. Ban taɓa roƙonsa ba.

Abin da ya fi ƙona mana rai a lokacin shi ne horon gayya. Mutum ɗaya ya gyara gadonsa a karkace, ɗaki duka zai yi tsallen kwaɗo a rana. Sai da muka hau jirgi muka gane dalili. Jirgin yaƙi a rarrabe yake ɗaki-ɗaki da ƙofofin ƙarfe masu hana ruwa wucewa, kuma in mutum ɗaya ya bar ƙofa a buɗe, ko ya yi gyangyaɗi a ɗakin inji, teku ba za ta tambayi mai laifi ba, kowa za ta haɗiye. Wanda ya san ransa na hannun na kusa da shi ba ya tsayawa tambayar garinsu ko addininsa. Wannan darasin ne na fi ganin mutanen tudu suna buƙata, ina kuma baƙin cikin yadda ya yi musu wuya.

Mun ga zamanin alfahari. A 1982 rundunar sojan ruwa ta ƙaddamar da NNS Aradu, wanda aka ƙera a Hamburg ta Jamus, kowane kurtu yana mafarkin a tura shi can. A watan Agusta na 1990 kuma, lokacin Murtala Nyako yana shugabancin rundunar, jirage irin su NNS Ambe suka kwashi dakarun ECOMOG daga Freetown zuwa Monrovia, aka sauka ana harbi. Sojojin ƙasa da yawa jirin teku ya kayar da su tun a hanya, mu ne masu riƙe musu kai da ba su ruwa.

Ritaya ce ta warwatsa mu. Tsohon sojan ƙasa in ya koma gida zai sami abokan bariki a kowane gari. Sojan ruwa ɗan Arewa kuwa komawa yake inda ba wanda ya taɓa jin ƙamshin gishirin teku, sai ya haɗiye labarinsa. Shekaru muka yi ba ma jin ɗuriyar juna sai in an haɗu wajen tantance 'yan fansho, ko ranar 15 ga Janairu da ake tunawa da mazan jiya. Sau da yawa labarin rasuwa ne yake fara isowa.

Jikana ne ya sa ni a zauren WhatsApp na 'yan ajinmu. Idanu sun yi rauni, don haka da murya muke aika saƙo. A nan na sami lambar malamina na ninkaya, yana Yenagoa. Da na kira, ban gama sallama ba ya ce, “Malam, kai ne?” Haka suke kirana a ɗaki. Muka yi kuka, muka yi dariya, muka lissafa waɗanda suka riga mu.

Tun daga nan muka yanke shawarar ba za mu jira zaman makoki ya haɗa mu ba. Kowane wata kowa yana sa abin da ya sawwaƙa, ana biya wa marayun 'yan'uwanmu kuɗin makaranta, ana kai wa marasa lafiya magani. Taronmu na gaba a Kaduna ne bayan damina. Malamina na ninkaya ya ce zai zo ko da gwiwarsa na ciwo, na kuma gaya wa iyali a gidana zai sauka.