Farfelar da ta kusa hana ni kammala digiri

 Ana saura mako uku in miƙa aikin kammala digiri, zanen farfelar famfon ruwa, AutoCAD ta gagare ni wajen lanƙwasa fukafukan. Na koma SolidWorks, gwana ce, amma laftof ɗina mai RAM 4GB ya dinga sandarewa. Fusion 360 kyauta ce ga ɗalibi, sai dai tana son intanet, ni kuwa data sai a hankali. FreeCAD ce ta fisshe ni: ba kuɗi, ba data, sai haƙuri, don sau biyu zanen ya wargaje. Jiya malamina ya sa hannu, alhamdulillahi. Ƙannena, kafin ku zaɓi manhaja, ku fara auna ƙarfin kwamfutarku da aljihunku.