Hanya Ce Ke Zaɓen Taya

Kwanakin baya na zauna a rumfar wani mai faci ina jiran a ɗora mini taya, sai ga wani saurayi ya faka Hilux fara fes. Ya nuna wata taya mai manyan haƙora da aka jingine a bango, ya ce irinta yake so, guda huɗu. Wani tsohon direba da ke gefe yana shan shayi ya ɗago kai ya ce, "Ɗana, wace hanya kake bi?" Saurayin ya ce, "Baba, ko'ina ma." Tsohon ya ce, "Ai babu tayar ko'ina. Faɗa mini ƙasar da za ka taka, in faɗa maka takalminta."

Tun ranar maganar nan take zaune a raina, domin gaskiya ce tsantsa. Mota mai giyar ƙafa huɗu, wadda 'yan Nijar ke kira kat-kat, komai ƙarfin injinta, abin da ke taɓa ƙasa a kowace ƙafa bai wuce faɗin tafin hannu da kaɗan ba. A kan wannan ɗan wuri nauyin mota da kaya da rayukan mutane suke.

Dubi direbobin da ke tashi daga Agadez su ratsa Tenere zuwa Dirku da Bilma. Da sun shiga rairayi mai laushi sai su tsaya su sace iskar tayoyin, wani lokaci har kusan rabi. Tayar sai ta baje, ta kwanta a kan yashi maimakon ta nutse. Dabarar raƙumi ce: tafin ƙafarsa mai faɗi da laushi ne, yana buɗewa duk inda ya taka. A nan taya mai manyan haƙora ba ta da wani alheri, don in ta fara juyawa wuri ɗaya rami take tonawa, mota ta kafe har cikinta. Kuma da zarar an hau tsandauri ko kwalta dole a mayar da iskar, in ba haka ba gefen tayar ya ɗau zafi ya fashe.

Amma hau tsaunin Mambila a Taraba da damina, ka nufi ƙauyukan da ke bayan Gembu, ka ga yadda lissafin ke juyawa. Can jar laka ce mai santsi da danƙo. Taya mai ƙananan zane nan take taɓo yake cike ta, ta koma kamar suɗaɗɗiya. Mai manyan haƙoran nan, wadda aka rubuta M/T a jikinta, ita ce sarauniya, domin tana juyawa tana watsar da lakar tana sake cizon ƙasa. Sai dai a kan kwalta tana da ƙugi, tana ƙara shan mai, birki kuma ba ya kama ta sosai in an yi ruwa. Wanda rabin tafiyarsa gari ne rabi daji, mai alamar A/T ta fi masa. Kowace ƙwarya da abokiyar burminta.

A rumfar mai facin nan, tsohon bai tsaya a tambayar hanya ba. Ya durƙusa, ya share ƙurar gefen tayar da babban yatsa, ya nuna wa saurayin wasu lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Biyun farko makon da aka ƙera ta ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko da ba a taɓa ɗora ta ba, ta bushe ta tsattsage, balle a zafin rana irin namu. Tun da Michelin da Dunlop suka rufe masana'antunsu a Najeriya a 2007 da 2008, daga waje tayoyinmu ke zuwa, kuma cikinsu akwai gwanjo da aka goge suka yi ƙyalli. Araha ba ta ado, musamman inda babu mai faci sai bayan tafiyar yini guda.

Ya kuma ja masa kunne cewa tayoyin huɗu su zama girma ɗaya, iri ɗaya, har da safayar da ke rataye a baya. In aka sa giyar ƙafa huɗu alhali wata taya ta fi wata girma, giyar ce za ta sha wahala.

Don haka, mai karatu, kafin ka tambayi farashi, tambayi kanka hanyar da ka fi bi. Ka durƙusa ka karanta lambobin nan huɗu da idonka, domin mutanen da ka ɗauko amana ce a wuyanka.