Gwamnati da Tatsuniyar Zamani: Shafunan Yara a Intanet

A daren Jumma'a, 27 ga Yuli, 2018, wata ya yi husufi, ya koma ja wur kamar an tsoma shi a manja, ya kuwa ɗauki awa ɗaya da minti 43 a haka. A wata unguwa ta cikin birni yara suka fito da gwangwanaye suna kaɗawa suna cewa rana ta kama wata, manya kuma suka nufi masallaci. Wata yarinya 'yar aji huɗu ta tsare mahaifinta, malamin firamare, da tambaya: "Baba, in rana ce ta kama shi, ina ranar take?" Malam ya san amsar a dunƙule, amma bai san yadda zai warware ta ga 'yar shekara tara ba. Sai ya ɗauko wayarsa ya buɗe shafin da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, ta tanadar wa yara tun 1998, mai suna Space Place.

Abin da ya tarar ya ƙayatar da shi. An zana rana da duniya da wata sun jeru a layi ɗaya, duniya a tsakiya, inuwarta ta lulluɓe wata. An bayyana cewa jan da ake gani hasken rana ne da ya ratso iskar da ke kewaye da duniya, iskar ta watsar da shuɗin, jan ya wuce ya sauka a kan wata. Har akwai wani wasa na kankare farin da ke tsakiyar biskit don a fitar da siffofin wata, daga jinjiri zuwa cikarsa; wanda duk ya ƙago wannan ya san halin yaro, domin darasin da za a cinye a ƙarshensa ba ya gundura. Sai dai bayanin da Ingilishi yake, ko kuma Sifaniyanci. Malam ya zama tafinta a tsakar gidansa, yana karantawa yana fassarawa, ga lemo da tocila suna tsaya wa wata da rana.

Irin waɗannan shafuna suna da asali. A 1997 Shugaba Bill Clinton ya umarci hukumomin gwamnatin tarayya su samar da kayan ilmi a intanet domin yara da malamai da iyaye, ba a jima ba kusan kowace hukuma ta buɗe nata zauren yara. Gidan ƙera sulallan ƙasar ya yi nasa, inda ake koyar da tarihi da lissafi ta hanyar kwabbai. Maɗaba'ar gwamnati ta fitar da Ben's Guide a 1999, ta sa hoton Benjamin Franklin ya zama jagora, yana nuna wa yaro rassan mulki guda uku da matakan da ƙuduri yake bi kafin ya zama doka. An yi dace wajen zaɓen jagoran, domin Franklin kansa yaron maɗaba'a ne tun yana ɗan shekara 12. Shi ya sa daga baya aka kasa darussan gida uku bisa tsarin masu sana'a: ɗan koyo daga shekara 4 zuwa 8, wanda hannunsa ya fara faɗawa daga 9 zuwa 13, sa'an nan gwani daga 14 zuwa sama. A 1998 kuma aka kafa dokar da ta hana karɓar bayanan yaron da bai kai 13 ba sai da yardar iyayensa.

Haƙiƙa akwai abin yabo a nan. Ba a sayar wa yaro kome, kuma masanan da suka harba na'urorin su ne tushen bayanin. To, amma ba kowane mai ba yaro alewa ne yake yi don Allah ba. Hukumar leƙen asiri ta CIA ta buɗe nata shafin yara, hukumar NSA mai sauraren sadarwar mutane ita ma ta yi nata, da zanen kyanwa da kare masu fasa rubutun sirri, suna kwaɗaita wa yaro aikin hukumar in ya girma. Da Edward Snowden ya tona yawan saƙonnin da hukumar ke tattarawa a 2013, sai kyanwar nan ta daina ba mutane da yawa dariya. Inuwar duniya a kan wata ba ta da ɓangare, amma tarihin ƙasa da aikin hukumominta suna da mai ba da labari, kuma da wuya gwamnati ta zana wa yaro laifinta da launi mai kyau. Yaro kuwa ba ya rarrabe darasi da talla, musamman in da wasa aka haɗa su.

Wanda ya nazarci adabin Hausa ba zai ga baƙon abu ba a wannan. Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta gwamnatin mulkin mallaka ce, kuma ita ta sa Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, wanda aka fara bugawa a 1937 domin 'yan makaranta. East da Imam suka kuma wallafa Ikon Allah don bayyana halittu da al'amuran duniya. Gwamnatin tana da tata manufa, babu shakka, amma littattafan sun fi ta tsawon rai, saboda an rubuta su da harshen da yaro yake mafarki da shi, kuma saboda takarda ba ta jiran izinin kowa kafin a buɗe ta. Shafin intanet ba haka yake ba. A watan Oktoba na 2013, da 'yan majalisar Amurka suka kasa daidaitawa kan kasafin kuɗi, ayyukan gwamnati suka tsaya kwana 16, shafunan NASA suka rufe. Yaron da ya zo neman taurari sai ya tarar da sanarwa.

Abin da ya fi ci wa Malam rai shi ne, a dokar Amurka ayyukan da gwamnatin tarayya ta samar ba su da haƙƙin mallaka, wato babu mai hana a mayar da bayanin husufin nan zuwa Hausa. Ba doka ce ta tsare hanya ba. Masu fassara ne ba su zauna ba, kuma kalmomin da ake bukata, irin su falaki da inuwa da jinjirin wata, suna nan tun kafin a ƙera kwamfuta.

Can dare ya soma nisa, gefen wata ya fara haske, yaran waje suka ɗauki sowa cewa rana ta sake shi. Yarinyar ta juya lemon a hannunta ta ce, "Baba, ashe inuwarmu ce." Sa'an nan ta ɗauki gwangwaninta ta fita wurin 'yan'uwanta.