Wata Huɗu Muna Kiwon Ruwa

Alkawari kaya ne, in ji Hausawa. Mu kuwa mun ɗauki wani kaya a hutun Kirsimetin bara ba tare da mun jinjina nauyinsa ba. Autarmu, yarinya 'yar shekara tara, ta kalli fim ɗin nan Finding Nemo, wanda ya fito a 2003, a wayar yayanta. Da fim ya ƙare sai ta ce, "Baba, a sayo mana irin wannan kifi mu sa a falo." Mu da mamanta muka dubi juna muka ce, "To, Auta, za a sayo." A tunaninmu kifi dai kifi ne. Ba ga maƙwabta nan suna kiwon tarwaɗa a bayan gida ba?

Da yake aikinmu koyarwa ne, muka ga ya kamata mu karanta labarin baƙon kafin ya iso. Sunan da Turawa suka sa masa yana nufin "ɗan kama", saboda jikinsa ruwan lemo ne da ratsin fari uku, ga kuma wata irin rangwaɗa da yake yi in yana iyo. Irin wanda aka fi kiwo bai wuce santimita 11 ba. Danginsa sun kai kusan iri 30, dukansu a tekun Indiya da tekun Fasifik da Bahar Maliya suke. Gidanmu yana kusa da Ƙofar Doka, inda hanya take shiga birnin Zazzau. Daga nan zuwa Ikko tafiyar fiye da kilomita 700 ce, amma ko mun je can mun jefa koma ba za mu kama shi ba, gama babu shi a tekun Atlantika sam.

A teku yana zama ne a jikin wata dabba mai kama da fure, wadda take da hannuwa masu harbi. Sauran kifaye suna tsoronta, shi kuwa wata majina da ke jikinsa tana kare shi. Ita tana ba shi mafaka, shi yana korar masu son cinta. Abin da ya fi ba 'yan ajinmu dariya shi ne, duk kifayen nan maza suke farawa. Wanda ya fi girma a cikin garke shi yake rikiɗa ya zama mace, in ta mutu kuma mijinta ya maye gurbinta. Ashe da fim ya bi gaskiya, da uban Nimo ya koma uwarsa!

Sa'ad da muka zo kan batun kulawa sai dariya ta ragu. Ruwan teku yana da gishiri wajen giram 35 a kowace lita. Ke nan akwatin gilashi mai cin jarka huɗu, watau lita 100, yana bukatar wajen kilo uku da rabi. Gishirin miya kuma ba ya yi, sai wani na musamman da aka haɗa da kalsiyam da maganiziyam da sauransu. Zafin ruwan dole ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 27 dare da rana. Dole famfo ya riƙa juya ruwan domin iska ta shiga. Kafin a saka kifi ma sai an bar akwatin ya yi mako huɗu zuwa shida yana aiki, domin ƙwayoyin bakteriya masu amfani su yaɗu. Su ne suke sarrafa amoniyar da ke fitowa daga jikin kifi da kashinsa, in babu su kuwa kifin zai mutu cikin dafin kansa.

Muka ce wa Auta, "Sai an gwada akan san na ƙwarai. Bari mu fara kiwon ruwan tukuna." Wani mai yanka gilashi a Sabon Gari ya haɗa mana akwati. Muka cika shi, muka zuba gishirin kasuwa tun da babu rai a ciki, muka ja layi da biro a inda ruwan ya tsaya. Muka aro ma'aunin zafi, muka ba Auta littafin rubutu mai shafi arba'in. Aikinta shi ne ta rubuta zafin ruwa safe da yamma, da lokacin da aka ɗauke wuta da lokacin da aka maido.

Hunturu ya fara koya mana darasi. A Janairu da asuba ruwan yakan sauka ƙasa da digiri 20. Cikin mako ɗaya ya ja da baya daga layin biro har faɗin yatsa biyu, saboda busasshiyar iska tana shanye shi. Ruwa yana tafiya, gishiri yana nan, don haka abin da ya rage yana ƙara ɗaci. Wannan ne ya sa masu kiwo suke cikowa da ruwa marar gishiri. Da bazara ta kama a Afrilu sai lamari ya juye, ma'auni ya haura 32 da la'asar. Wuta kuwa, akwai shafin da Auta ta rubuta "ba a kawo ba" kwana biyu a jere. Muka yi lissafin man janareto na wata ɗaya, muka aza shi kusa da albashin malami, mamanta ta tashi ta koma kicin ba ta ce uffan ba.

Ranar da muka rufe littafin ba mu ji daɗi ba, gama babu uban da yake so ɗansa ya ga ya kasa cika magana. Muka zaunar da ita muka ce, "Auta, ke kika rubuta duk wannan. In mun sayo shi, kwana nawa zai yi?" Ta daɗe tana juya shafuka, sannan ta ce, "Baba, zai mutu tun ran Talatar nan da babu wuta." Ta yi kuka, mu ma zuciyarmu ta sosu. Amma kifin da zai iya shekara goma ko fiye a hannun mai kula, ba daidai ba ne a ɗauko shi daga nesa ya zo ya mutu cikin mako ɗaya a Ƙofar Doka. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Akwatin bai zauna banza ba. Muka zubar da ruwan gishiri, muka wanke shi sarai, muka cika da ruwan rijiya. Wani masunci a bakin Galma ya sayar mana da 'yan ƙananan karfasa huɗu masu rai. Karfasa tana jure zafinmu da sanyinmu fiye da baƙon teku, amma duk da haka mun bi ƙa'idodin da muka koya: abinci kaɗan, canza wani sashe na ruwan kowane mako, da duba su kowace safiya. Cikin damina wata daga cikinsu ta daina cin abinci, maƙogwaronta ya kumbura. Muka ɗauka ciwo ne, ashe ƙwai ta ɗauke a baki. Bayan kwana goma sha wani abu sai ga 'ya'ya suna fitowa, in an taɓa gilashi su ruga su koma bakin uwarsu. Auta ta tara yaran unguwa kallo.

Ga wanda Allah ya hore wa wutar sola da batir, ba mu ce kada ya yi kiwon ɗan kama ba. Sai dai ya nemi wanda aka haifa a gidan kiwo, domin ya fi sabawa da akwati, ba a kuma raba teku da shi ba. Ya zaɓi biyu, ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma, don faɗa ya ragu. Ya tabbata ya ga suna cin abinci a gabansa, babu farin ɗigo a jikinsu, ba sa haki. Kada ya wahalar da kansa neman furen tekun nan, gama kifin yana rayuwa lafiya babu shi, shi furen ma ya fi wuyar riƙewa.

Ku ɗalibai, musamman masu barinmu bana, duk abin da za ku ɗauki amanarsa, ko zomo ne, ko kaza, ko kifi, ku fara tambayar abin da yake bukata, sannan ku dubi abin da ke hannunku. Littafin Auta yana nan a ɗakin kimiyya ga mai son dubawa. Karfasa kuma sun yi mana yawa, duk mai bukata ya zo da bokiti.