Karen Ruwa

A madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a kan gulbin Rima a 1984, masunta suna jefa birgi tun asuba. Ganinsu kan sa in tuna da wani masuncin da ba shi da kwalekwale ko ƙugiya, wato karen ruwa.

Halittarsa abin sha'awa ce: jiki dogo mai santsi, kai faffaɗa, kunnuwa ƙanana, da gashi mai kauri da ke hana sanyi ratsa shi. Idan ya nutse, sai ya toshe hanci da kunne. Wani irinsa na Afirka ba shi da farata sosai, da yatsu yake laluben ƙaguwa da kwaɗi a ƙarƙashin duwatsu. A Bangaladash ma akwai masuntan da ke horar da karen ruwa ya koro musu kifi cikin taru.

Wasansa ne ya fi burge ni. Idan ya ƙoshi, sai ya hau birgima da 'yan'uwansa. Mu da ke noman shinkafa da albasa a fadamun Wurno da Rabah, yaushe rabonmu da hutawa haka bayan aiki?