Kafin Mu Hau Bagzan

Wanda ya tsara hutun lakwal a Nijar bai yi shawara da duwatsun Azbin ba. Yara na samun babban hutu daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba, wato daidai lokacin da ɗan ruwan da Azbin ke samu a shekara yake sauka. Masu yawon buɗe ido, a zamanin da suke zuwa da yawa, sun fi son Nuwamba zuwa Fabrairu. Ni kuwa a watannin nan hutun da ƴaƴana ke da shi bai wuce mako biyu ba, kuma sanyin dare a saman dutse a Disamba ba na ɗan shekara biyar ba ne. Don haka damina ce ko a fasa.

Ba na son a fasa. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, tana zaune a wani ƙauye a saman Bagzan, kuma ita kaɗai ta rage a cikin ɗakinsu. Ƙafa ta ƙi, ba za ta ƙara saukowa ba. Ƴaƴana uku a Damagaram aka haife su, Hausa suke yi a gida, Faransanci a lakwal, Buzanci kuwa gaisuwa kawai suka iya, ita ma a karkace. Sun san kakansu ya yi ayarin gishiri zuwa Bilma, amma a wurinsu wannan da tatsuniya duk ɗaya. Ina so su zauna a gaban tsohuwar nan ta shafa kawunansu tun tana gane mutane.

Uwargida ba ta ƙi ba, ba ta kuma yarda ba. Abin da ta ce shi ne, "Malam, ka gaya mini inda za mu kwana kowane dare, da wanda zai ɗauki auta in ta gaji. In ka ba ni amsar nan biyu, na bi ka." Tun daga ranar nake da wani kaye na ɗalibai da nake rubuta tafiyar a ciki, ina sokewa ina sakewa.

Kashin farko mai sauƙi ne a takarda: kar daga Damagaram zuwa Agadas ta Tanut da Adarbisanat, wajen kilomita 450. Za mu kwana biyu a Agadas, yara su huta su ga hasumiyar babban masallaci, mai tsawon mita 27, wadda aka fara ginawa a 1515. Daga nan mota mai ƙarfi zuwa Tabelot, garin masu noman albasa a gindin Bagzan. A nan damina ke nuna halinta. Hanyar tana ratsa busassun ƙoramu, waɗanda a can ake kira kori, kuma ba sai an yi ruwa a kanka ba kafin kori ya taso. Ana iya yin ruwa a saman dutse nesa da kai, sama garau a inda kake, sai ka ji ruri, ruwa ya zo da itace da duwatsu. Mutanen Agadas ba su manta da Satumban 2009 ba, lokacin da Telwa ta yi ambaliya ta rushe gidaje masu yawa a cikin gari. Saboda haka na rubuta doka da manyan baƙaƙe a kayen: ba a kwana a cikin kori, ba a yada zango a cikinsa ko don shan shayi, komai daɗin inuwarsa da laushin yashinsa. Na kuma ƙara kwana biyu na banza a lissafi, na zaman jira a bakin ruwa. Direban da ya ce zai iya ƙetarewa ruwa na gudu, ba shi zai ɗauke mu ba.

Hawan shi ne abin da ya fi cin takarda. Bagzan wani faffaɗan tudu ne da ya haura mita 1,500, mai ƙauyuka da lambuna a samansa, kuma a can ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijar take, Idukal-n-Tagas, mita 2,022. Babban ɗana, mai shekara 13, ya ga lambar nan a littafin lakwal ya ɗaura aure da ita. Na gaya masa ƙololuwa ba ta cikin alkawari. In mun kwana uku a sama kowa lafiya, aka sami ɗan ƙauyen da zai yi mana ja-gora, ni da shi za mu gwada. Ya ɓata rai, ya ce to me za mu je yi. Na ce gaisuwa.

Hanyar da za mu bi ta ƙafa ce da jakuna. Abin da ɗan dutse ke hawa a safiya ɗaya, mu za mu raba shi biyu: a tashi bayan sallar asuba, a tsaya kafin rana ta take, a jira la'asar. Jaki uku nake nema, ɗaya na ruwa, ɗaya na kaya da tsaraba, ɗaya na auta. Sai dai akwai wuraren da hanya ke tsukewa tsakanin duwatsu, dole a sauke yaro daga jaki, kuma a nan wuyana ne abin hawa. Wannan ita ce amsar tambayar uwargida ta biyu, ta kuwa dube ni daga sama har ƙasa kafin ta karɓa.

Ta tsakiyar, mai shekara 9, ita na fi tunani, don ba ta faɗin ta gaji sai ta zube. Shi ya sa kowace Lahadi da sassafe muke fita mu hau manyan duwatsun da ke unguwar Birni, kowa da gorar ruwansa da takalmin da zai yi tafiyar da shi. Sabon takalmi ba ya hawa dutse, sai ya saba da ƙafa. A fitar nan na gane cewa in na ba ta aiki, kamar ƙirga awaki ko riƙe jakar dabino, tana manta gajiya, kuma in ta yi shiru na minti biyar to lokacin zama ya yi.

Guzuri ba wuya: dabino, cuku, ƙuli-ƙuli, gumba, shayi da sukari. A jakar magani akwai gishirin zawo, maganin zazzaɓi, bandeji, da ƙwayar tsarkake ruwa, don cikin ɗan birni bai san ruwan rijiyar dutse ba. Barguna ma za su je ko da damina ce, dare a sama yana da sanyi. Kuma kowa zai kakkaɓe takalminsa da safe saboda kunama.

Saura maganar da ba na yi a gaban yara. Tun tawayen 2007 baƙi suka ragu a Azbin, kuma zinariyar da aka gano a arewa daga 2014 ta cika hanyoyi da motoci da kuɗi da masu kwaɗayin kuɗin. Ban sa rana ba, ba kuma zan sa ba sai ɗan gwaggona da ke Tabelot ya ce hanya lafiya, kuma za mu bi ayarin motocin kasuwa, ba mu kaɗai ba. In ya ce a dakata, tafiyar ta tsaya a Agadas, ni kaɗai in ƙarasa da hotunansu a salula.

Shekaranjiya ya kira daga inda yake samun layi. Ya ce an yi ruwa sau biyu, jakuna na nan, kuma tsohuwa ta sa an ware bunsuru. Tana tambaya ko autar tana cin cuku.