KAFANCAN: GARIN DA TSOHUWAR AKORI-KURA KE SAKE TASHI

Matafiyin da ya baro Kaduna ya nufi kudu, in ya wuce Kujama da Kasuwan Magani da Kufana ya isa Kaciya, zai ga ƙasa ta fara sauya kama. Itatuwa sun ƙara tsawo da duhu, duwatsu sun fara ɗago kai, gonakin dawa da masara sun soma gauraya da na doya da gwaza da citta. Daga Kaciya hanya ta rabu. Wata ta bi ta Kwoi cikin ƙasar Jaba, wata ta bi ta Zonkwa da Madakiya, kusa da inda ruwan Matsirga ke zubowa daga kan dutse. Ko wacce mutum ya bi, bayan tafiyar wajen kilomita 200 daga Kaduna, Kafancan za ta tarye shi, ga duwatsun Kagoro can gabas sun yi mata inuwa.

A kan waɗannan hanyoyi, musamman ranar kasuwa, akwai wata mota wadda ido ba ya rasa gani. Tsohuwar Fijo ce mai buɗaɗɗen baya, wadda Bahaushe ya laƙaba wa suna akori-kura. Takan taho a hankali, baya ya zauna saboda nauyin buhuna, yaron mota na bisa kaya ya riƙe igiya. Da yawa daga cikinsu sun girmi direbobin da ke tuƙa su. Abin da ya kamata mai karatu ya tambaya shi ne, yaya aka yi motar da aka daina ƙerawa da daɗewa har yanzu take cin hanya? Amsar tana bayan gidaje, ƙarƙashin mangwaro da rumfunan kwano, inda ake kwance ta ƙusa-ƙusa a mayar da ita sabuwa.

GARIN RELUWE

Kafin a kai ga zancen mota, ya kyautu a san garin. Kafancan ƙasar mutanen Fantswam ce, kuma jirgin ƙasa ne ya ɗaukaka ta. A shekarar 1927 ne aka gama haɗa hanyar dogo wadda ta taso daga Fatakwal ta bi ta Inugu da Makurɗi zuwa Kaduna, aka kuma fitar da reshe daga Kafancan zuwa Jos domin kwasar kuza. Daga baya aka ja wani reshen daga Kuru ta Bauci har Maiduguri, aka gama a 1964. Da haka Kafancan ta zama mahaɗa, duk jirgin da zai bi wannan hanya sai ya yada zango a nan. Ibo da Yarbawa da Hausawa da Tibi suka zo aiki da fatauci, suka zauna tare da Bajju da Atyap da Ham da mutanen Kagoro da Kaninkon, harshen Hausa ya zama shi ne na kasuwa da tasha. A shekarun 1930 Sarkin Jama'a ma ya baro tsohon mazauninsa ya dawo Kafancan.

Reluwe ta bar wa garin gado guda wanda ba a cika ambata ba, watau sanin ƙarfe. Garin da aka shekara da shekaru ana gyaran injin jirgi da taragu ba ya rasa masu iya walda da ƙira da ɗaurin noti. Sa'ad da harkar jirgin ƙasa ta fara ja da baya daga shekarun 1980, kaya suka koma kan kwalta, hannuwan da suka saba da ƙarfe kuwa suka koma kan mota.

YADDA FIJO TA ZAMA TA GIDA

Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da ƙirar 404 a 1960, mai buɗaɗɗen bayanta kuma ta biyo a 1967. Ƙirar 504 ta fito a 1968, ita ma daga baya aka yi mata akori-kura. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin a 1972, aka gina masana'antar harhaɗa motoci a Kakuri cikin Kaduna, ta fara aiki a 1975. A farkon lamarin har ta jirgin sama ake ɗauko sassan motocin daga birnin Liyon zuwa Kano, kana a kawo su Kaduna a ɗaura. Lokacin kuɗin man fetur ne, an yi ƙarin albashin Udoji, gwamnati kuma ta mai da Fijo motar ofis. Ma'aikaci ya sayi 504 ta shiga, ɗan kasuwa da babban manomi suka sayi akori-kura.

Da tattalin arziki ya tsuke aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari talaka. Tun daga nan ne gyara ya zama dole. An ci gaba da harhaɗa 504 a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da mantawa da ita, saboda haka kayan gyaranta suka cika ƙasa, kuma da wuya a sami ƙauye mai tasha wanda babu makaniken da ya san cikinta.

AIKI A ƘOFAR GIDA

Mai son tayar da akori-kura yakan fara ne da neman gawa. Wata tana jibge a bayan gidan wani tsohon ɗan kasuwa, kaji na ƙwai a kujerarta, wata tana bakin tasha ciyawa ta fito ta cikin bodi. Abin da gwani ke fara dubawa shi ne shasi, domin ƙasar nan ruwan sama ya yi mata yawa, damina takan kai wata shida, tsatsa kuwa daga ƙasa take cin mota. Idan shasi ya ruɓe ko ya taɓa karyewa aka yi masa ɗori, to, a bar ta a cire kaya kawai. Idan yana da rai, sai a yi ciniki, a jawo ta da igiya zuwa gida, a ɗora bisa duwatsu ko guntayen katako, a cire tayu.

Daga nan sai sauke inji. Babu injin ɗaga kaya, sai a kafa ƙarafa uku a rataya sarƙa, ko a nemi reshen mangwaro mai ƙwari. Injin 404 mai silinda huɗu ne, girmansa cc 1,618, an kwantar da shi a karkace cikin mota. Babban sirrin daɗewarsa shi ne hannun rigar da fistin ke kai da kawowa a ciki ana iya zare shi a sa sabo. Saboda haka injin da ya gaji yana hayaƙi yana shan baƙin mai, in aka sa masa sabon hannun riga da fistin da zobba, aka kai karanshaf wurin masu injin gogewa aka daidaita shi, sai ya koma kamar ranar da ya baro Kakuri. Kan injin kuwa na alminiyam ne, in mota ta taɓa yin zafi ƙwarai yakan lanƙwashe, dole a kai a goge fuskarsa kafin a sa sabon gaskit, in ba haka ba ruwa ya haɗu da mai, aiki ya koma baya.

Sauran aikin na haƙuri ne. A wanke kafireta da fetur a busa ƙananan ramukanta, a sa sabon filogi, a kai lagireto a fasa a tsefe a sake like shi, a duba kuloci da giya, wadda a 404 sandarta a jikin sitiyari take. Babu na'ura mai ƙwaƙwalwa a cikin wannan mota, babu abin da sai an jona kwamfuta kafin a gane ciwonsa. Makanike da kunnensa yake jin inda take ciwo, da sifana da sukundireba yake yi mata magani. Wannan shi ne dalilin da ya sa manomin da ke can cikin ƙauye ya fi amincewa da ita bisa motocin zamani.

Kayan gyara kuwa sai an yi tafiya. Wasu ana samu a shagunan Ibo cikin Kafancan, wasu sai an je Panteka a Kaduna, ko Jos, ko Ƙofar Ruwa a Kano, wasu kuma daga Nnewi ake aiko su. A nan ne ake gane gwani, gama kasuwa ta cika da jabu, kuma sau da yawa tsohon ƙarfen da aka ciro daga wata gawar ya fi sabon da ke cikin kwali aminci.

Aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Maigida yana kan inji, yaransa masu koyo suna miƙo sifana suna wanke noti a cikin kwano. In an gama, mai walda ya zo ya yanke inda tsatsa ta ci ya sa sabon faranti, mai bugun bodi ya daidaita lotsattsen wuri, rewaya ya sake jan wayoyi, mai kujera ya ɗinka sabuwar leda, mai fenti ya rufe aiki. Ba safai ake gamawa a wata ɗaya ba, domin da kuɗin amfanin gona ake yi. In aka sayar da buhu goma a sayi fistin, sai a jira wata kasuwar kafin a sayi taya. Sannu ba ta hana zuwa.

KOWA DA IRIN TASA

A Amurka da Turai masu sha'awa kan gyara tsohuwar mota domin ado, su goge ta su kai wurin nuni. A kudancin Kaduna kwalliyar akori-kura ta aiki ce. Kamfani ya yi ta ne domin kayan da bai wuce kimanin tan guda ba, amma mai ita yakan ƙara ganyen sifirin biyu ko uku a baya domin ta jure nauyi. Akan ɗaga bangon bodi da ƙarfe ko katako, a yi mata rumfar bututu a ɗaura tamfol saboda ruwa, a sa matakala a baya inda yaron mota zai tsaya. Wasu sukan cire injin 404 su dasa na 504 mai ƙarfi. Sa'an nan a zo ga fenti. Wani ya fi son fari kamar yadda ta fito, wani shuɗi, wani ya sa a zana masa zaki ko dabino a ƙofa. A goshi ko a baya kuma akan rubuta abin da ke zuciyar mai ita, Kirista ya sa ayarsa, Musulmi ya sa addu'arsa, wani kuwa karin magana ya ishe shi, kamar haƙuri maganin zaman duniya.

Sai dai akwai gyaran da ke zama ɓarna. Ƙarin sifirin yana hana bodi zama, amma ba ya ƙara wa birki ƙarfi ko kaɗan. Motar da aka ɗora wa ninkin kayanta, kana aka jera mata fasinja bisa buhuna, in ta zo gangara irin ta wajen Kagoro ko Gidan Waya, ranta da na mutanen da ke kanta yana hannun birkin da aka yi domin rabin wannan nauyi. Makaniken kirki yakan fara da birki da sitiyari da taya, ya bar fenti daga ƙarshe. Wanda ya fara da fenti ya yi kitso da ƙwarƙwata.

ABIN DA KE BISA BAYANTA

Dalilin wannan wahala duka shi ne citta. Kudancin Kaduna, watau ƙasashen Kaciya da Jaba da Kagarko da Jama'a da Zangon Katab, nan ne cibiyar noman citta a Nijeriya, kuma cittar wannan yanki ta yi suna a kasuwannin duniya saboda yajinta da yawan manta. Ana shuka ta da farkon damina, a rufe kunya da ganye, a haƙe daga ƙarshen shekara, a tsaga a shanya cikin hunturu. Gonakin suna can cikin lungu inda babbar mota ba ta shiga, hanya duk laka da rami da rafi. Akori-kura ce ke fito da buhuna zuwa kasuwannin Kwoi da Kaciya da Kafancan, inda dillalai ke tara su a loda wa manyan motoci zuwa Kano da Ikko. Ita ce kuma ke komawa da taki da siminti da kwanon rufi, ta kai amarya, ta kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ranar 1 ga Janairu kuma ta kwashi jama'a zuwa bikin Afan a Kagoro.

Shekarar 2023 ta zo wa wannan sana'a da masifa biyu. A ƙarshen watan Mayu aka janye tallafin man fetur, farashi ya ninka har fiye, tsohuwar mota mai kafireta kuwa ba ta san tsimi ba. Da damina ta yi nisa kuma wata cuta ta faɗa wa citta, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa, manoma da yawa suka tashi babu amfani babu iri. Da citta ta faɗi, lodi ya faɗi, motoci da dama da aka fara gyara suka tsaya bisa duwatsu babu kuɗin ƙarasawa.

Akwai kuma wata damuwar wadda ta fi wannan nisa. Gwanayen Fijo sun manyanta. Yaron da a dā zai yi shekara biyar ko shida gaban maigidansa yana koyon aiki, yanzu ya fi son ya hau babur ko Keke Napep ya sami na cefane a yini. Ranar da tsofaffin nan suka ajiye sifana, ilmin da ke kansu zai bi su, alhali ƙauyukan da motar ke yi wa hidima suna nan inda suke, hanyoyinsu kuma ba su canja ba.

Saboda haka ya kamata hukumomin ƙananan hukumomi da makarantun koyon sana'a na yankin su dubi waɗannan rumfuna da idon daraja. A haɗa masu koyo da tsofaffin gwanaye, a ba su shaidar ƙwarewa, ƙungiyoyin direbobi su tsaya kan duba birki da hana lodin ganganci, a kuma gyara hanyoyin da ke shiga gonaki. Wanda ya bi ta Kafancan ya ga buɗaɗɗen garejin wani bawan Allah, inda dattijo ɗan Bajju da mai walda Bahaushe da mai kayan gyara Ibo suka sunkuya bisa inji ɗaya, ya ga abin da garin ya ginu a kansa tun zamanin jirgi. Allah Ya ba manoma damina mai albarka, Ya kiyaye matafiya, Ya zaunar da ƙasar lafiya, amin.